Dukiyar Ƙaramar Hukuma Amana Ce, Ba Ganima Ba

 

Ranar 11 ga Yuli 2024 ta Miladiyya ta shiga tarihin mulkin ƙasar nan, domin a ranar ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 da ke fitowa daga asusun tarayya a riƙa miƙa su ga ƙananan hukumomin kai tsaye, kuma ta haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi a madadinsu. Kafin wannan hukunci, rabon nan, wanda ya kai kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa, yakan biya ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma shekara da shekaru idan talaka ya tambayi ciyaman dalilin da ya sa rijiyar ƙauyensu ta ƙafe ba a yashe ta ba, amsar ɗaya ce: kuɗi suna sama. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara. Gardamar yadda za a aiwatar da hukuncin kotu aikin lauyoyi ne da 'yan siyasa. Abin da ya shafi wannan fili shi ne hukuncin da ya riga na kotu da ƙarni goma sha huɗu, wato hukuncin Allah a kan kowace Naira da ta shiga hannun ciyaman da kansiloli da ma'aji, ko da yawa ko kaɗan, ko ta Gusau ta biyo ko daga Abuja ta sauko.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin nauyin da ke kan ƙaramar hukuma, domin da yawa ba su san abin da za su tambaye ta ba. Tun gyaran da aka yi a 1976, lokacin da aka soke tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, har zuwa Tsarin Mulki na 1999, ayyukanta sanannu ne: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, hanyoyin karkara, magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, kana da sa hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani da aikin gona. Babu babban abu a cikinsu ga idon mutumin birni. Amma ga manomin Faru ko Gora ko Janbaƙo a ƙasar Maradun, wanda kwalbati ɗaya da ruwa ya cinye kan hana shi kai mai naƙuda asibiti, waɗannan ƙananan abubuwa su ne gwamnati ɗungurungum.

Dukiyar da ake yin waɗannan ayyuka da ita, a shari'a, hukuncinta hukuncin baitulmali ne. Ba ta ciyaman ba ce, ba ta jam'iyyar da ta ci zaɓe ba ce, ba kuma ta wanda ya tsaya wa ciyaman har ya hau ba ce. Ta jama'a ce baki ɗaya, har da jaririn da aka haifa jiya da tsohuwar da ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Allah ya yi umurni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su, kuma a Suratu Ali Imrana, aya ta 161, ya bayyana cewa wanda ya ɓoye wani abu na dukiyar jama'a zai zo da abin nan ranar Alƙiyama. Malamai suna kiran wannan laifi gululu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya ɗauki matsayinsa game da baitulmali kamar na mai riƙon dukiyar maraya, wanda in yana da wadata sai ya kame, in kuwa ya matsu sai ya ci gwargwadon buƙata.

Imamu Maliki ya kawo a Muwaɗɗa, haka kuma Buhari da Muslim, labarin wani bawa mai suna Mid'am da ke yi wa Manzon Allah hidima. Bayan yaƙin Haibara, suna Wadil Ƙura yana sauke sirdi, sai kibiya ta same shi ya mutu. Mutane suka yi masa murnar shahada, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima tun ba a raba ba yana ci da wuta a kansa. Da jin haka wani mutum ya kawo igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka. Mayafi ɗaya ke nan, a hannun mutumin da ya yi hidima ga fiyayyen halitta. To, ina ga buhun siminti ɗari da aka rubuta an sa a ginin aji alhali hamsin aka sa? Haka nan labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya komo yana ware wani kaso yana cewa kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya gani ko kyautar za ta zo. Wannan hadisi shi kaɗai ya isa ya yanke maganar abin nan da ake kira kashi goma, ko goron ofis, ko godiyar ɗan kwangila. Canza wa abu suna ba ya canza hukuncinsa.

Sai dai sata a fili ba ita ce wurin da ruɗani yake ba, domin ko ɓarawo ya san sata haramun ce. Inda mutanen kirki ke zamewa shi ne wajen kashewa. Akwai shugaban da ba ya sa ko kwabo a aljihunsa, yana salla a sahun farko, amma ya ɗauka cewa tun da bai ci ba, yana da ikon ya kashe yadda ya ga dama. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu. Ma'ana, zaɓinsa ba zaɓin sha'awa ba ne. Wajibi ne ya nemi abin da ya fi amfani ya gabatar da shi, in kuwa ya bar mafi muhimmanci ya tafi ga wanda bai kai shi ba yana sane, ya ci amana ko da hannunsa bai taɓa kuɗin ba.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar zuwa nesa neman misali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma ya zauna a Faru, wadda a yau take cikin ƙasar Maradun. A wancan zamani ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, na ƙarshensu kuwa shi ne a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Abin lura a nan, Shehu bai karɓa ya ce zai gina masallaci ko ya ciyar da almajirai ba, alhali kuwa yana da almajirai masu yawa. Ya san daga inda dukiyar ta fito.

Bayan jihadi, a Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa halayen mulkin zalunci, a ciki har da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da ɗora wa jama'a kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba. Kana ya kawo tsarin kashe dukiyar baitulmali bi da bi: a fara da toshe wuraren tsoro da tanadin tsaro, sa'an nan haƙƙin alƙalai da ma'aikata, sa'an nan ayyukan amfanin kowa irin su masallatai da gadoji, sa'an nan matalauta. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, ya sanya cikin wajiban shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da masu magani, ya gyara kasuwanni da hanyoyi da gadoji. Duk wanda ya ɗora wannan lissafi kusa da ayyukan ƙaramar hukuma na Tsarin Mulki zai yi mamakin yadda suka yi kama.

Idan aka auna da wannan ma'auni, abin da ke gaba a Maradun da Bakura da Talata Mafara ba ya ɓuya. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, ranar 1 ga Satumba ta wannan shekara kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Gaskiya ne soja da 'yan sanda ba a hannun ciyaman suke ba. Amma wanda ya gudo daga ƙauyensa ya kwana a ajin firamare da iyalinsa, a hannun wa yake? Ruwan da zai sha, da maganin ɗansa, da malamin da zai koma makarantar da aka rufe, da hanyar da motar agaji za ta bi da damina, duk suna cikin abin da Shehu ya kira toshe wuraren tsoro, gwargwadon ikon ƙaramar hukuma. Majalisar da ta zauna a irin wannan hali ta fara da maganar sababbin motocin shugabanni, ko sake fentin sakatariya, ko kuɗin zama da na tafiye-tafiyen ƙaro ilmi, ta juya tsarin Shehu kai a ƙasa. Allah ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu a Suratul Isra'i, kuma almubazzaranci ba yawan kashewa kaɗai ba ne, har da sanya abu inda ba muhallinsa ba. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har launin jikinsa ya sauya, domin ba ya son ya ci abin da talakawansa ba su samu.

Akwai wata ƙofa da ta fi wannan santsi, domin da rigar addini take zuwa, wato kujerun aikin hajji da ake biya wa mutane daga asusun hukuma, da shanu da shinkafa da turamen atamfa da ake rabawa da azumi da salla, da gudummawar da ake kai wa wajen bukukuwan manya. Hajji Allah ya wajabta shi ne a kan mai iko, kamar yadda aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta nuna. Wanda ba shi da guzuri ba a binsa bashin hajji, ba kuwa zai yi zunubi ba in ya mutu bai je ba. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama a ƙauyen da ɗakin shan maganinsa ba ko ƙwaya, shi yana bin hukuma bashi. Kuɗin kujera ɗaya a 2024 sun haura Naira miliyan shida. Mai karatu ya ƙiyasta famfon tuƙa-tuƙa nawa da suka lalace za a tayar da wannan. Ba a musun cewa malaman jagorancin alhazai da ma'aikatan lafiya da ke rakiyarsu aikin jama'a suke yi, kuma halal ne a ɗauki nauyinsu gwargwadon buƙata. Maganar ana yin ta ne a kan kujerar da ake ba ɗan siyasa ladan kamfe, ko surukin wane, ko malamin da ake so ya yi shiru. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya yi hajji da dukiyar haram farilla ta sauka daga kansa amma ya saɓa wa Allah, Hambaliyya kuwa suka ce hajjin ma bai yi ba. Ko da an ɗauki magana mafi sauƙi, wane mai hankali ne zai so ya tsaya a Arfa da guzurin da aka yanko daga maganin marayu?

Rabon azumi kuwa, in da gaske matalauta da 'yan gudun hijira ake bi gida gida a ba su, yana cikin tsarin baitulmali, kuma mai yinsa yana da lada. In kuwa da takardar jam'iyya ake rabawa, har wanda ke da rumbu uku ya karɓa makwabciyarsa gwauruwa ta rasa, to sunansa sayen zukata da dukiyar mutane. Ko masallaci, wanda Shehu ya lissafa cikin ayyukan amfanin kowa, yana da lokacinsa. Garin da ba shi da wurin sallar Juma'a daban yake da garin da ke da masallatai a kowace unguwa amma mata na tafiyar kilomita uku neman ruwa. Da aka tambayi Manzon Allah sadakar da ta fi, a hadisin Sa'adu ɗan Ubada da ya rasa mahaifiyarsa, shayar da ruwa ya nuna masa, Sa'adu kuwa ya haƙa rijiya.

To, wa zai tantance abin da ya fi muhimmanci? Ba ciyaman shi kaɗai ba. Don haka aka yi kansiloli, kowace mazaɓa da nata, kuma kasafin kuɗi ba ya zama doka sai sun amince. Allah ya yabi muminai a Suratush Shura da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, Shehu kuma ya sanya shawara cikin ginshiƙan mulki biyar. Kansilan da ya sa hannu a kasafin da bai karanta ba, ko ya ɗaga hannu domin an riga an sallame shi, ya yi shaidar zur, wadda Manzon Allah ya lissafa cikin manyan kaba'irai. Kuma shawara ba ta ƙarewa a zauren majalisa, sai ta kai ga mutanen da aikin zai shafa.

Ƙasar nan ta taɓa biyan farashin rashin wannan da jini. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka gama a 1978, aikin gwamnatin tarayya ne ba na ƙaramar hukuma ba, kuma da niyyar alheri aka zo da ita, wato noman rani a fili mai faɗin kadada dubu ashirin da wani abu. Amma ruwan ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu, aka riƙe wa manoma filaye shekaru ba su shuka ba, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa, ba a kuwa zauna da su an ji ta bakinsu yadda ya kamata ba. Da suka tare hanyoyin aiki, a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu. Duk majalisar da za ta tayar da kasuwa, ko ta yanka filin makiyaya, ko ta rushe rumfuna domin faɗaɗa tasha, ta tuna cewa kyawun aiki ba ya halatta cin haƙƙin mai gona, kuma diyya kafin a taɓa ake biya, ba bayan an gama ba.

Wani zai ce ai yankin nan ba maraya ba ne a siyasa. Haka ne. Gwamnoni uku na Zamfara daga nan suka fito: Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, wanda ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, da Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Alhaji Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Amma samun ɗan gari a babbar kujera ba ya sauke wa ƙaramar hukuma faralinta, kamar yadda sallar liman ba ta isar wa wanda ya kwanta a gida. Jihar da ta fara ɗaga tutar shari'a kuwa ita ta fi cancanta a ga shari'a a littafin ma'ajinta, domin shari'ar da ta hukunta ɓarawon saniya ba ta kau da kai daga alƙalamin da ya ƙara sifiri a takardar kwangila ba.

Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffa biyu ya ambata, tsarewa da sani. Ma'aji da akawu da mai binciken kuɗi da injiniyan da ke sa hannu cewa aiki ya kammala, kowannensu yana buƙatar biyun nan tare. Ma'aikacin da ya rubuta sunan malamin makarantar da babu shi, ko ya biya kuɗin rijiyar da ba a haƙa ba, ba zai tsira da cewa umurni aka ba shi ba, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, in ya ga ta ƙaru fiye da ƙima sai ya raba ta biyu ya mayar da rabi baitulmali, kuma ya yi wa manyan sahabbai haka ba tare da ya tuhume su da sata ba.

Talakawa su ma suna da nasu kaso na laifi. Wanda ke sammako ƙofar ciyaman da takardar suna ko ta biki, in an ba shi ya yi addu'a, in an hana shi ya ce wane marowaci ne, ya san albashin ciyaman ba zai ɗauki mutum ɗari a yini ba. Ya san daga inda ake ɗebowa. Haka mai karɓar kuɗin rumfa ranar kasuwar Talata da ke cewa a ba shi rabi ba rasit, da ɗan kasuwar da ya yarda domin ya sami rangwame, su biyun sun haɗu a kan dukiyar da ba tasu ba. Malamai da limamai kuwa nauyinsu ya fi, domin su ake saurare. Limamin da ya karɓi kujera da buhu, da wuya harshensa ya iya tambayar inda kuɗin ɗakin haihuwa suka shiga.

Tambayar kuwa halal ce, ba rashin ladabi ba ce, ba kuma tawaye ba. An ruwaito cewa wani ya tsayar da Sayyidina Umar yana kan mumbari ya nemi bayanin yadda rigarsa ta fi rabon ƙyallen da kowa ya samu, Umar bai yi fushi ba, ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida cewa nasa rabon ya ƙara masa. Ofishin Babban Akanta na Tarayya yana bayyana abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu wata wata, jaridu kuma suna bugawa. Abin da ya rage shi ne ɗaya ɓangaren littafin. Babu abin da zai hana majalisar Maradun, ko ta Bakura, ko ta Talata Mafara, ta rubuta da Hausa, da boko da ajami, abin da ya shigo a wata, da abin da aka biya na albashi, da sunan kowane aiki da ƙauyen da yake da kuɗinsa da wanda aka ba, ta liƙa a ƙofar sakatariya da ƙofar fadar kowane hakimi, domin mutanen ƙauyen da aka ambata su je su duba ko rijiyar tana nan.